Haƙoran Malam Tsayabu

Shekara ashirin da ɗaya ina toya ƙuli-ƙuli
a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi.
Ban taɓa rubuta sunana jikin komai ba.
Ƙamshi ne allona,
hayaƙi ne mai shelata.

Sai ga Zuwaira ta gama lakwal,
ta dawo da salula da sabon baki:
"Inna, kasuwa ta tashi daga nan.
Mai saye ba ya zuwa, sai an bi shi cikin aljihu."
Ta wanke faranti, ta jera kayana kamar 'yan biki,
ta ɗauki hoto sau tara
don wai hasken bai yi mata ba.
Ta bugo takarda mai ɗanko, ja da rawaya,
da lamba a ƙasa,
ta manna a kwalbar man gyaɗa.
Kwalbar ta yi kyau
har na ji nauyin kiran kuɗinta na da.

Ba zan musa ba, abin ya ci.
Lawali mai kabu-kabu ya zama ƙafata:
Zariya da hantsi, Sura Bildi da azahar.
Wata ma'aikaciya can Yamai
tana turo jikka biyar ta waya,
kwali ya bi motar dare.
Zuwaira na ƙirga masu kallo,
jiya ɗari uku, yau ɗari huɗu da sha biyu,
tana rawa daga zaune.

Ni kuwa mutum ɗaya nake ƙirgawa.

Malam Tsayabu, telan Bagalam.
Kowace Litinin, kowace Juma'a,
na dala ashirin, mai yaji kaɗan,
a ƙunshe masa a takarda, ba ya son leda.
Sati bakwai ban ga hularsa ba.
Na ce a duba salula. Aka ce ba ya ciki.
Ashe akwai wanda waya ba ta sani ba.

Na kashe wuta kafin la'asar, na ja mayafi.
Na iske shi gaban keke, yana lallashin zare ya shiga allura.
Muka gaisa: gajiya, iyali, ruwan bana.
Na ce, "Laifi muka yi?"
Ya yi dariya, ya kare baki da hannu,
can ya sauke hannun:
fili fetal, sai biyu a ƙasa
suna gadin kango.
"Kayanki na nan yadda na san su.
Ni ne ma'aikata suka gudu suka bari."

Daren nan turmi bai huta ba.
Na daka, na tankaɗe, na sake dakawa,
citta, kanumfari, gishiri,
da zogalen Jiratawa da na shanya a inuwa.
Na farko ya yi ɗaci, kaji ma sun ƙi.
Na biyu ya dunƙule.
Na uku na barbaɗa a harshe, ya narke
bai nemi izinin haƙori ba.

Na kai masa a takarda.
Ya lasa, ya yi shiru,
har na fara kallon ƙofa.
Ya ce gishirin ya ɗan yi gaba.
Na rage.

Yanzu Zuwaira ta raɗa wa garin suna, ta yi masa hoto.
Masu jego na saye, masu yaye na saye,
mai dambun ƙofar asibiti na aiko bokiti.
Ya fi ƙulin da ya haife shi tafiya.
Rannan wani yaro mai jaka ya zo da littafi
yana tambayar wane irin bincike muka yi.
Zuwaira ta dube ni.
Na ce, ni dai gaisuwa na je.

Malam Tsayabu har yau na dala ashirin yake saye.
Zuwaira ta buga lissafi,
ta ce wannan ƙunshin ba ya mayar da kuɗin itace.
Na ce na ji.
Miƙo min takardar.