Mai Faci a Mararrabar Kalgo

Tayar babur ɗinka ta sace, Sahabi,
Zauna a benci, ƙusa ce, ba ta yi zurfi ba.
Ka ce garinmu ba shi da abin kallo,
Masauki ne kurum na masu aiki a Birni,
Su fita da hantsi, su dawo rana na faɗuwa.

To miƙo mini ganyen nan na gefen ƙafarka.
Ka ga ya rabu biyu kamar sawun raƙumi?
Kalgo ke nan, sunansa muka ara.
Haka Inna Gwamma, kakata, ta faɗa mini.
Ban gani a takarda ba, kar ka kai wa malaminku
Ka ce Manu mai faci ya ba ka hujjar rantsuwa.

Ta ce tana yarinya, daga nan har bakin fadama
Itacen nan ne ke sarauta.
Ɓawonsa igiyar ɗaurin dami,
'Ya'yansa na shanu in ciyawa ta ƙare,
Ganyensa ya ƙunshe daddawa zuwa kasuwa.

Fatake kan sauke kaya a inuwarsa,
Masu gishiri, masu goro, masu bandar kifi.
Wani ya kwana, wani ya ƙara kwana,
Wani jakinsa ya mutu, ya rasa abin komawa.
"Kakanku ke nan," in ji ta, tana dariya,
"Gari da gajiyayyu yake kafuwa."

Sai kwalta ta zo ta tsaga gonar Kawu Nomau.
Ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ta ba,
In zai tsallaka sai ya shimfiɗa buzunsa,
Direbobi na jira, suna ta zagi.
Yau jikansa na sayar da fetur a kwalba a wurin,
Ɗakunan hayarku sun tsiro inda maiwa ke tsirowa.

Abin kallo? Riƙe mini bakin tayar nan.
Sauka fadama bayan ruwa ya janye,
Shinkafa shar har inda ido zai gaji,
Injin ban-ruwa na tari kamar tsohon mashayi,
Balbela na bin sawun mai noma, ba ta tsoron korewa.

In ka sami kuɗin mai, kama hanyar Argungu.
Kar ka je ranar biki.
Je Matan Fada ran da ba kowa
Sai masunci ɗaya, ya kifa ciki bisa gora,
Ka ji abin da ruwa ke cewa in ganga ta daina bugawa.

Gidan tarihi na nan kusa, na shiga sau ɗaya,
Na kai hannu ga wani tsohon mashi,
Mai gadi ya daka mini tsawa.
Gwandu kuwa ka je da alwala, ka rage murya.
A Aliero albasa za ta sa ka hawaye
Ba tare da an yi maka mutuwa.
Surame ban je ba, ba zan yi maka ƙarya ba,
An ce duwatsun ganuwarta na nan, kan juna, ba su rabuwa.

Ni nawa kallon a nan yake:
Motar Jega, motar Bunza, motar Birni,
Kowa na sauri, ƙusa na jiransa,
Dole ya zauna a bencin nan ya ji labari.

Duba, na tsoma tub a ruwa, ba kumfa.
Ɗari uku ne. Bar shi biyu, ɗalibi ne kai.
Sa ganyen a aljihu.
Itace ɗaya ya rage a bayan rumfata,
Mai fili ya ce shago zai gina bayan salla,
Jiya ma ya aiko yaro da igiyar aunawa.