Alƙalin Aljihu

Kaneng ce ta kawo shi, ƙunshe cikin leda,
ranar da muka dawo daga binne Choji.
Ba ta yi min wa'azi ba. Aikin asibiti ya rage mata magana.
Ta ajiye shi kan tebur, gefen makullin mota,
ta nuna shi, ta nuna makullin:
"Baba, wannan tukuna, sannan wancan."

Ɗan abu ne, bai cika tafin hannu ba,
baƙi, mai ido ɗaya da ke kawo haske.
Shekara ashirin da shida ina jigilar dankali
daga Farin Gada zuwa Abuja,
na san Hawan Kibo yadda harshe ya san haƙori,
yau ga ɗan roba zai gaya min ko ina cikin hayyacina.

Daren farko na yi masa gaggawa.
Ƙwaryar ƙarshe ba ta bushe a leɓena ba, a gidan Ngo Yop,
na busa. Lamba ta yi tsalle kamar akuyar da ta ga wuƙa.
Kaneng ta yi dariya a waya:
"Bakinka ya auna, bai kai ga jininka ba.
Jira minti ashirin. Kurkure da ruwa zalla.
Ban da sigari, ban da ruwan wanke baki mai yaji.
Sai ka ɗebo numfashi daga ƙasan huhu,
ka busa a hankali, kamar mai hura gawayi da damina,
kada ka tsaya sai ya yi ƙara."

Na koyi halinsa yadda ake koyon sabuwar mota.
Ba ya shiri da rana:
na taɓa mance shi bayan gilashi a Nyanya,
ya wuni yana zuba shirme.
Sanyin asubar Jos ma ba abokinsa ba ne,
sai ya kwanta a aljihun ƙirjina ya sha ɗumi kafin ya yi magana.
Bututun bakinsa nakan cire in wanke, in shanya a taga,
wanda na sa a bakina ba ya zuwa bakin kowa.
In batir ya yi rauni, shaidarsa ma ta yi rauni.

Duk wata shida ina kai shi bayan Taminus
wurin Malam Tasi'u, da ko warin burkutu ba ya iya jurewa,
shi ke daidaita masa awo.
Yakan ce, "Dalyop, sikelin mahauci ma yakan kauce.
Alƙalin da ba a bincikarsa, wata rana zai yi maka daɗin baki."
In biya, ya rubuta kwanan wata a bayansa da jan biro.

Wata safiyar Litinin ce ta ƙona min rai.
Na yi barci, na yi wanka, na sha shayi mai kauri,
na tauna goro har biyu,
kaina garau nake jinsa.
Na busa. Ya ce da saura.
Na zage shi har iyayen da suka ƙera shi,
na sauya bututu, na jira, na sake busawa.
Ya ce da saura.
Buhu ɗari da arba'in na jirana, dillali na ta kira,
ni kuwa ina zaune kan taya ina kallon makulli.
Ashe abin jiya bai san gari ya waye ba.
Lodin ya tafi a motar wani.
Satin nan ba mu ga nama a miya ba.

Ban daina zuwa gidan Ngo Yop ba, me zai sa in yi ƙarya?
Asabar kaɗai yanzu, kuma a ƙafa nake komawa.
In na iso kwanar da ta ci Choji,
inda har yau ɓaraguzan gilashi ke ƙyalli cikin ciyawa,
nakan taɓa aljihun ƙirjina,
in sauko da motar zuwa giya ta biyu,
irin giyar da Kaneng ba ta taɓa hana ni ba.