Yashin da Bai Wanku Ba

Ƙarfe huɗu, rana ta riga ta faɗi a Stavanger.
Eilif ya turo akwati na sha bakwai,
safar hannunsa na warin dizal.
A ciki, dutse miƙaƙƙe kamar taɓarya,
an zaro shi kilomita huɗu ƙarƙashin teku.

Na yanka shi siriri har haske na ratsa shi,
na ɗura masa shuɗin ƙaro,
na kafa ido a madubi.
Duk inda shuɗi ya zauna, ɗaki ne,
ɗakin da mai zai kwana.

Wannan babu shuɗi.
Wankakken yashi ne, tsohon bakin kogi,
ƙwayoyi farare tas, ba ɗigon laka.
Nauyi ya fara matse su kafaɗa da kafaɗa,
sai zafi ya zo, ya wuce na tafasa,
ruwan da ke tsakaninsu ya soma sauke kayansa:
farin dutse a kan farin dutse,
kaɗan yau, kaɗan bayan shekara dubu,
kowace ƙwaya na kumbura wajen 'yar'uwarta
har suka haɗe.
Ƙofa ta koma taga, taga ta koma zare,
zare ya tsinke.
Ba a ji ko tari ba.

Taku uku ƙasa,
sai ga shuɗi kamar an kifar da baba.
Nan yashin bai wanku ba.
Kowace ƙwaya sanye da koriyar rigar laka,
siririya, ƙazama.
Siminti ya zo, ya rasa makama.
Zafin ɗaya ne, nauyin ɗaya, shekarun ɗaya,
dauɗa ce ta bar musu wurin numfashi.

Na rubuta: biyar cikin ɗari a sama,
ashirin da biyu a ƙasa.
Eilif ya leƙo ya ce,
"Ashe ƙazamin ne zai biya kuɗin rijiyar."
Ya ja hularsa, jirgin fito ba ya jira.

Ni kuwa teburin gidanmu na Egersund na tuna,
farin ƙyalle, cokula a jere,
ni da ƙanwata Gunvor muna miƙa wa juna gishiri
da "na gode", da "ba komai",
shekara sha ɗaya
tun ranar da ta sayar da kwalekwalen Baba
ba ta tambaye ni ba.
Ban taɓa ɗaga murya ba. Ita ma haka.

Na kashe fitilar madubi.
Wayata na aljihun kwat, can jikin ƙugiya.
Akwati na sha takwas kuma yana jira.