Tsakanin Bakwai da Takwas

A Taminus, kusa da mai gasa masara,
teburin Kawu Tanimu ƙafa uku ne da dutse.
Gilashi a ido ɗaya, ɗayan a runtse,
yana tonon cikin agogon wani
kamar mai cire ƙaya a tafin jariri.

Na ce, Kawu, yau an karanta mana
analog da dijital, ban gane ba.
Bai ɗago ba. Ya ce, kawo hannunka.

Nawa na roba ne, lamba ke ƙiftawa.
Ya ce, naka kwaɗo ne.
Daga bakwai da hamsin da tara
sai ya dira kan takwas,
bai san ƙasar da ke tsakani ba.
Dubi wannan dogon hannu, jan ciki yake yi,
ba taƙin da bai shafa ba
kafin ya kai inda za shi.

Je ka Farin Gada, in ji shi,
sikelin Ngo Kachollom allura ce mai rawa.
Takan leƙa ta ce, ya kusa kilo,
ta jefa dankali biyu, gyara.
Sabon sikelin maƙwabcinta bai iya kusa ba.
Abin da ya faɗa, ya faɗa.

Na tuna daren da ƙanƙara ta daki kwanon Gangare.
Tsohuwar rediyo tana shuuu, tana tari,
amma can ƙarƙashin hayaniyar
mutumin Kaduna bai fasa labarai ba.
Talabijin kuwa, fuskar matar ta daskare,
ta farfashe gida-gida kamar ɗakin dara,
sai baƙi.
Ko akwai, ko babu. Ɗaya ko sifili.

Ashe naku ya fi, Kawu?

Ya cire gilashin, ya murza ido.
Ina kaset ɗin kakanka, mai haƙar kuza a Bukuru?
Duk sauraro ɗaya yana cin muryarsa,
zaren ya sirance, sunayen 'ya'yansa sun fara narkewa.
Ba kai ka juye shi a waya ba?
Ka aika Legas, ka aika Damaturu,
sau goma, kuma tarinsa bai canza ba,
har kukan zakaran da ya katse shi.
Abin da aka ƙirga ba ya kodewa.
Sai dai in ya ɓata, ba ya barin ko sawu.

Gyang ya zo karɓar agogon babansa,
ya kara a kunne, ya yi shiru, ya yi murmushi.
Ba tsaba a jikina, Baba, in tura?

Aljihun Kawu ya yi ƙara.
Ya zaro waya mai tsagaggen gilashi,
ya nisanta ta da ido, ya ƙirga sifilan da yatsa.
Ya ce da ni, kuɗi kam, ɗana,
ban yarda da ya kusa ba.

Masara ta fashe a kan garwashi.
Agoguna goma sha biyu a kan teburin,
ba biyun da suka yarda da juna.