Takardar Cikin Bango

A Dukawa nake, Ilu sunana,
tsofaffin littattafai nake ɗinka wa riga.
Ran Talata aka kawo wani daga gindin Dala,
gara ta yi kalaci da bangonsa, ta bar mini saura.
Na sa wuƙa na ɓare jar fatar,
sai ga takarda a manne, an yi ƙarin ƙarfi da ita.
Ba ajami ba, ba boko ba,
baƙaƙe a tsaitsaye kamar tubali a kan gini.

Kwana uku tana aljihun taguwata
kafin Dakta Balaraba ta jami'a ta gyara tabarau.
Ta ce, "Larabci ne, da baƙin Yahudawa.
Fatawa ce aka nema wajen malaminsu, can ƙetaren Sahara,
ta girmi kakan kakan kakanka."

Ga tambayar:
Mas'udu ya bar turkuɗi ashirin a hannun Yahuza,
ya bi ayari.
Ɓarayi suka haƙa bango da dare.
Wa zai biya?

Ga amsar, hannun tsoho, tawada na rawa:
"Ku tambayi Yahuza ko ya karɓi lada.
In bai karɓa ba, ya rantse bai yi sakaci ba, ya tafi.
In ya karɓi ko ƙwayar dabino, ya biya.
Sai dai na ji su biyun a tabarma ɗaya suka yi karatu,
don haka kafin ku kai su gaban dattawa..."

Nan gara ta cinye.

Na dawo ta Kurmi, ban sayi komai ba.
Bara aka ɗauke jaka a rumfata,
littattafai uku na Alhaji Nalado a ciki.
Na ce ƙaddara ce. Ya ce to.
Tun ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa,
mu da muka ci ƙosai a takarda ɗaya.
Kuma na karɓi kafin alƙalami,
dubu biyu, na sayi zare da su.

Ban san wannan tsoho ba, ba alƙiblarmu ɗaya ba,
amma ya san rumfata.

Da la'asar na ƙirga abin da ke cikin gwangwani,
bai kai ba.
Na ɗauka duk da haka,
na sa takalmi.
Sauran maganar da gara ta ci
ina tafe ina cike ta da bakina,
har ƙofar zauren Nalado.