Makullin Keke, Friesland

Su bakwai jirgin yaƙin ya ɗauko daga Ingila.
Shida aka ƙirga a gonar dankalinmu.

Matuƙin bai saki sitiyari ba.
Biyu sun ƙone a wutsiya,
ɗaya laimarsa ta ƙi buɗewa,
biyu Jamusawa suka tasa ƙeyarsu kafin asuba.

Na bakwai, Emrys, kakata Sjoukje ta tsinta
a rumbun ciyawa, ƙafa a karye,
yana ba shanu haƙuri da yaren garinsu.
Wata huɗu tana kai masa madara a ɓoye.
Ya tafi da keken kakana.
Shiru kake ji.

Bana ma garma ta tono ƙusa.
Na goge ta, na ajiye
kusa da makullin keken.