Ƙusoshi Talatin da Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina gadin shiru
a wannan laburare na Tudun Wada.
Aikina hatimi, da rajista, da ɗaga yatsa
in wani ya yi tari ya wuce sau biyu.

Sai ga yaran Samaru ranar Talata
a bayan akori-kura, da zane-zane niƙi-niƙi,
da ƙusoshi cikin gwangwanin madara.
Suka ture kantar lissafi, suka sauke taswira,
guduma ta hau bangon da ko ƙuda
ba na bari ya yi wa kuka.
Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na ja kujerata gefe.

Da safe ga Kufena zaune bisa littattafan tarihi,
ga Kubanni ta cika, kamar ta zubo wa ƙamus,
ga mai masar Ƙofar Doka, hayaƙinta shuɗi.
Damina ce, rufi na yoyo wajen jaridu,
ɗigon bokiti kaɗai ya rage mini na da.

Ran Alhamis wani tsoho ya jingine keke.
Malam Barau, maɗinkin riga daga cikin birni,
kullum ta nan yake wucewa, bai taɓa leƙowa ba.
"An ce hannuna na rataye a ɗakinku."
Na miƙa biro. Ya sa suna da ajami,
daga dama ya taso, ya cinye layin mutum biyu.

Ba fuska a zanen. Hannuwa ne, da allura,
da aska takwas da ba a gama ba.
Tasalla mai zanen ta tsaya a bayansa
tana tauna bakin mayafi.

Ya daɗe. Har bokitin ya kusa cika.

"Yarinya, wa ya ce miki haka ake riƙe allura?
Da haka nake riƙe ta
da gidana ya kwana da yunwa."

Dariya ta fashe. Masu shirin jarrabawa suka ɗago.
Yatsana ya tashi da kansa,
na kama shi na cusa a aljihu.

Ya zaro allura daga jikin hularsa,
ya gyara mata yatsu, ɗaya bayan ɗaya.
Sannan ya matsa, hancinsa dab da fenti,
ya nuna wani ɗan fari a gindin babban yatsa:
"Amma wannan tabon kin same shi.
Almakashin mahaifina ne. Ina ɗan bakwai."
Bai ƙara cewa komai ba.

Mako biyu, akori-kura ta dawo ta kwashe.
Taswira ta koma mazauninta.
An bar mini ƙusoshi talatin da ɗaya a bango,
shugaba ya ce in cire, in toshe ramukan.
Kullum sai in ce masa gobe.
Na ɗaya wajen taga, a nan nake rataye hulata.